Jinin Sikila da Tarihin Ilimin Gado a Ƙasar Katsina da Maraɗi

Gangara ɗaya ce daga cikin gundumomin ƙaramar hukumar Jibiya ta Jihar Katsina, a yankin da hanyar mota ke ratsa Magama ta tsallaka iyaka ta bi ta Ɗan Isa zuwa Maraɗi. Turawan Ingila da na Faransa sun shata wannan iyaka suka kafa mata alamomi tsakanin 1906 da 1908, amma mutanen ɓangarorin biyu ba su daina zama dangin juna ba, domin tun bayan da jihadi ya fitar da sarakunan Haɓe daga birnin Katsina a wajajen 1807, har zuriyarsu ta kafa sabuwar sarauta a Maraɗi, Katsinawan kudu da na arewa ke auratayya da fatauci da ziyarar juna. Kogin Gada da ya ratsa Jibiya shi ne yake zama Gulbin Maraɗi idan ya shiga Nijar, kuma sauron da ke ƙyanƙyashewa a fadamunsa da damina iri ɗaya ne a nan da can. Saboda haka duk abin da zazzaɓin cizon sauro ya bari a cikin jinin mutanen wannan ƙasa, ya bar shi ne ga ɓangarorin biyu, kuma mafi shahara daga ciki shi ne ƙwayar gadon sikila, cutar da wasu ke kira amosanin jini.

Abin da ake koyarwa a makarantu da asibitoci game da wannan cuta gajere ne: kowane mutum yana ɗauke da haruffa biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, A mai rinjaye ne, S mai lafawa ne, saboda haka mai AS lafiyayye ne, mai SS kuwa mara lafiya. Bayanin ya wadatar a gargaɗi masu neman aure, amma bai faɗi dalilin da ya sa 'yan uwa biyu, uwa ɗaya uba ɗaya, dukansu masu SS, ɗaya zai rasu kafin yaye, ɗayan kuma ya yi aure ya hayayyafa ba. Tarihin binciken sikila, wanda wani muhimmin ɓangarensa ya gudana a ƙasar Hausa, tarihi ne na yadda masana suka gano a hankali cewa rinjaye ya danganta ne da inda aka tsaya aka duba, da kuma sauran ƙwayoyin gadon da ke zaune tare a jiki ɗaya.

Kalmomin rinjaye da lafawa sun samo asali ne daga Gregor Mendel, wani limamin Kirista mai zaman zuhudu a birnin Brno na ƙasar Cek ta yau, wanda ya yi ta barbarar wani nau'in waken lambu na Turai tsakanin 1856 da 1863, ya buga sakamakonsa a 1866. Ya zaɓi siffofi bakwai waɗanda ba su da tsaka-tsaki, kamar dogon tsiro da gajere, ya ga cewa idan aka haɗa su 'ya'yan farko duk sukan fito da siffa ɗaya, a jikoki kuma siffar da ta ɓuya takan dawo a kashi ɗaya cikin huɗu. Daga nan ya fahimci cewa abin da ake gada ba ya narkewa ya gauraye, yana nan a matsayin ƙwaya mai zaman kanta, wadda a yau aka san cewa guntun saƙo ce da ke rubuce a cikin sinadarin DNA, tana umartar jiki ya ƙera wani abu takamaimai. Shi kansa Mendel ya lura cewa launin furen wani waken dabam bai bi wannan ƙa'ida sak ba, har ya yi hasashen cewa ƙwayoyi fiye da ɗaya ne ke tarayya a kansa, amma aikin nasa ya kwanta babu mai kula da shi sai a 1900.

Da aka farfaɗo da shi, togaciya ta fara ɓullowa nan da nan. Carl Correns, ɗaya daga cikin waɗanda suka farfaɗo da aikin, ya haɗa jan fure da fari na wani tsiro ya samu ruwan hoda, abin da ake kira rinjaye mara cika, wato inda mai nau'i biyu mabambanta ke tsayawa a tsakiya. A 1901 Karl Landsteiner ya gano rukunonin jini a birnin Biyana, kuma a 1924 Felix Bernstein ya nuna cewa nau'i uku ne na ƙwaya ɗaya, A da B da O, inda A da B idan suka haɗu babu wanda ke janye wa wani, kowanne yana bayyana a cike, wanda shi ne rinjayen tarayya. William Bateson kuwa, a littafinsa na 1909, ya yaɗa kalmar efistasis domin yanayin da wata ƙwaya a wani wuri dabam ke rufe aikin wata. Misalinsa a fili yake ga duk wanda ya taɓa ganin zabiya: ƙwayoyi masu yawa ne ke tarayya wajen tsara duhun fatar mutum, amma idan ƙwaya ɗaya da ake bukata wajen samar da launin ta gaza a kwafinta biyu, duk sauran ba za su bayyana ba, ko da yake suna nan, kuma zabiyan zai iya gadar da su ga 'ya'yansa baƙaƙe.

Mutanen Afirka ta Yamma sun san ciwon tun kafin a ba shi sunan asibiti. Likitan Gana Felix Konotey-Ahulu ya bi salsalar wani gida na ƙabilar Krobo ya gano ciwon a cikinsa har zuwa 1670, kuma a 1874 likita Africanus Horton, ɗan Saliyo, ya bayyana wani ciwon gaɓoɓi mai tashi da damina, mai bin dangi. A ƙasar Hausa an san yaron da ƙashinsa ke ciwo idan sanyi ya shigo, an kuma san macen da ake cewa tana wabi, wato 'ya'yanta na mutuwa bi da bi suna ƙanana, har a raɗa wa wanda ya biyo baya suna irin su Ajuji ko Ayashe. Ba kowane wabi ne sikila ba, domin ƙyanda da gudawa da zazzaɓi sun ɗauki nasu kason, amma babu shakka wani ɓangarensa ita ce.

Rubutun asibiti na farko ya fito ne a 1910, lokacin da James Herrick na birnin Cikago ya bayyana jinin wani ɗalibin likitancin haƙori ɗan tsibirin Girenada, wanda jajayen ƙwayoyin jininsa suka lanƙwashe kamar lauje a ƙarƙashin madubin likita. A 1917 Victor Emmel ya gano cewa idan aka rufe ɗigon jini aka hana shi iska na wasu sa'o'i ƙwayoyin sukan lanƙwashe, kuma jinin mahaifin wata mara lafiya ya yi hakan alhali shi lafiyarsa ƙalau. A kan wannan gwaji ne Taliaferro da Huck suka yanke hukunci a 1923 cewa lanƙwashewar siffa ce mai rinjaye, tunda kwafi ɗaya daga mahaifi ɗaya ya isa ya bayyanar da ita. Ba su yi kuskure a kan abin da suka gani ba. Sai a 1949 James Neel na Jami'ar Mishigan ya gwada iyaye 42 na marasa lafiya 29 ya tarar jinin kowannensu yana lanƙwashewa, a shekarar kuma E. A. Beet, wani likitan gwamnatin mulkin mallaka a ƙasar Zambiya ta yau, ya cimma matsaya ɗaya ta hanyar bin salsalar wani gida: cutar sai da kwafi biyu take kama mutum, saboda haka ita mai lafawa ce.

A watan Nuwamban wannan shekara ta 1949 Linus Pauling da Harvey Itano da abokan aikinsu suka kawo amsa ta uku. Sun ratsa wutar lantarki ta cikin himogulobin, wato jan furotin da ke ɗaukar iskar oksijin a cikin jini, suka ga na masu sikila yana tafiya dabam da na sauran mutane, na masu ɗauke da kwafi ɗaya kuma ya rabu gida biyu, A da S kowanne a fili, inda S ke kai tsakanin kashi 25 zuwa 45 cikin ɗari. A wannan mataki ƙwayoyin biyu suna rinjayen tarayya ne, kamar A da B na rukunin jini, kuma wannan gwaji shi ne asalin takardar jinotayif da ake karɓa a asibiti a yau. Tsakanin 1956 da 1957 Vernon Ingram na Kambirij ya nuna cewa duk bambancin tubali ɗaya ne cikin 146 na sarƙar da ake kira beta, inda balin ya maye gurbin gulutamik asid a matsayi na shida. Daga wannan sauyi guda ne ƙarancin jini da ciwon ƙashi da shawara da lalacewar saifa da gyambon ƙafa da shanyewar ɓarin jiki duk suke fitowa, domin himogulobin S idan ya sauke iskarsa yakan harhaɗu ya zama zaruruwa masu tauri, ƙwayar ta lanƙwashe, ta toshe ƙananan hanyoyin jini, ta mutu cikin makonni biyu ko uku maimakon kwana 120. Ƙwaya ɗaya ta zama mai rinjaye a madubin likita, mai lafawa a gadon asibiti, mai tarayya a na'urar lantarki, kuma babu ɗaya cikin ukun da za a ce ƙarya ne.

Saura tambayar da ta fi damun masana: yaya ƙwayar da ke kashe masu kwafi biyu suna yara ta yi yawa haka, maimakon ta ƙare? Wasu likitocin mulkin mallaka, da suka ga masu ɗauke da ita birjik amma ba su ga manya masu cutar ba, sun zaci cewa cutar ba ta da ƙarfi a Afirka, har akwai wanda ya ɗora tsananinta a Amurka a kan gaurayar jinin baƙaƙe da farare. Anthony Allison, wanda ya tashi a Kenya, ya ba da amsar a 1954 bayan bincikensa a Gabashin Afirka, inda ya nuna cewa ƙwayar tana yawaita ne a wuraren da zazzaɓin cizon sauro nau'in falsifarum ya yi katutu, kuma yara masu AS ba sa ɗaukar ƙwayoyin zazzaɓin da yawa kamar masu AA. Binciken da ya biyo baya a Gambiya da Kenya ya auna kariyar da kusan kashi 90 cikin ɗari daga zazzaɓi mai tsanani. A nan ma ƙa'idar Mendel ba ta isa ba, domin mai nau'i biyu mabambanta ya fi kowane ɓangare tsira: mai AA zazzaɓi na iya ɗauke shi, mai SS sikila na ɗauke shi, mai AS ne ke wucewa ta tsakiya.

Ɗaya daga cikin hujjoji mafi ƙarfi a kan haka ta fito ne daga ƙauyukan Garki, a Jihar Kano ta wancan lokaci, Jigawa a yau, ƙasa mai kama da ta Jibiya a gajeriyar damina da noman gero da dawa da zaman Hausawa da Fulani. Tsakanin 1969 da 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya suka gudanar da wani babban aiki a can domin gwada ko feshin gidaje da raba magani ga kowa za su iya katse yaɗuwar zazzaɓi. Ba su iya ba, amma jinin da aka yi ta ɗiba ya ba Alan Fleming, masanin jini na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da abokan aikinsa damar ƙirga abin da ba a saba ƙirgawa a karkara ba, suka buga shi a 1979. Cikin jarirai sababbin haihuwa, kusan biyu cikin ɗari masu SS ne, a tsakanin 'yan shekara ɗaya zuwa huɗu adadin ya faɗi ƙasa da rabin ɗaya cikin ɗari, a cikin manya kuwa da ƙyar ake samun su. Masu AS kuma sun tashi daga kimanin kashi 24 cikin ɗari a jarirai zuwa kusan 29 a waɗanda suka haura shekara biyar, ba don wani ya sauya jini ba, sai don masu AA sun fi su mutuwa. Rashin ganin manya masu sikila, wanda ya ruɗi likitocin farko, shaida ce ta cewa yaran ba sa kaiwa girma, kuma yawancinsu an binne su ne da sunan zazzaɓi ko shawara ko maita.

Lissafin kansa ba shi da wuya. Idan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da S, to aure ɗaya cikin 16 na masu AS biyu ne, kuma tunda kowane ciki a irin wannan aure yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu, za a samu jariri ɗaya cikin 64, abin da ya yi kusa da ƙidayar Garki. Kalmar kowane ciki ita ce aka fi kasa fahimta, domin haihuwar mai SS ɗaya ba ta wanke ukun da za su biyo baya, kuma akwai gidan da duk 'ya'yan suka tsira, akwai wanda duk suka kamu. Auren zumunci, wanda ya zama ruwan dare a ɓangarorin iyakar biyu, yana ƙara haɗarin, amma ba yadda ake zuzutawa ba: a al'umma mai irin wannan yawa, auren 'ya'yan wa da ƙani yana ɗaga adadin daga kimanin 16 cikin dubu zuwa kimanin 22. Wanda ya guje wa 'yar baffansa ya auro bare daga Tasawa ko Gusau bai kuɓuta ba idan ba a yi gwaji ba.

Haruffan ma ba biyu ba ne kawai. A 1950 Itano da Neel suka gano himogulobin C, wanda daga baya aka tabbatar cewa sauyinsa a wannan matsayi na shida yake, sai dai laisin ne ya shiga maimakon balin. Cibiyarsa arewacin Gana ce da Burkina Faso, a Nijeriya ya fi yawa a ƙasar Yarabawa, a Garki kuwa bai kai ɗaya cikin ɗari ba, amma fataken goro da suka yi ƙarnoni suna bin hanyar Gwanja, da masu ci-rani na yau, sun isa su sa a yi la'akari da shi a kowane garin kan hanya. C ba ya lanƙwashewa, amma yana busar da ƙwayar jini, ta yadda idan ya haɗu da S sai S ɗin ya yi kauri ya harhaɗu, a samu cutar SC, wadda ta fi SS sauƙi a yarinta amma takan taɓa ido da ƙashin kwatangwalo, ta kuma tsananta ga mai juna biyu. A wajen zazzaɓi kuma tsarinsa ya saɓa wa na S, domin binciken David Modiano a kan Mosawan Burkina Faso a 2001 ya nuna kwafi ɗaya na C yana rage haɗarin da kashi 29 cikin ɗari, kwafi biyu kuwa da kashi 93. Akwai kuma beta talasemiya, ƙwayar da ke rage ko tsayar da ƙera sarƙar beta, wadda ba ta da yawa a Nijeriya amma takan jawo tashin hankali inda ta faɗa: takardar mahaifi na iya nuna AA, matarsa AS, su haifi ɗa mai cikakkiyar sikila, a kama zargin matar ko na asibitin alhali babu mai laifi. Gwajin Emmel, wanda har yanzu ake kira da sunansa a asibitocin ƙasashen renon Faransa irin su Nijar, da gwajin narkewa da ake yi a ƙananan ɗakunan gwaji na Nijeriya, duk ba sa ganin C, ba sa kuma bambance AS da SS.

Babban abin da ke bambanta mai SS da ɗan uwansa mai SS wata likitar yara ce a Nuyok, Janet Watson, ta fara hango shi a 1948, da ta lura cewa jinin jariran ba ya lanƙwashewa sosai, ta danganta hakan da himogulobin F, wanda ɗan tayi ke amfani da shi a cikin mahaifa. F ba ya shiga cikin zaruruwan S, yana ma hana su haɗuwa, shi ya sa ciwon ba ya bayyana sai jariri ya kai wata shida ko kusa da haka, lokacin da jiki ya gama komawa kan sarƙar beta, hannuwa da ƙafafu su fara kumbura. Wasu mutane ba sa rufe F gaba ɗaya, kuma gwargwadon abin da ya rage musu gwargwadon sauƙin da suke samu. A gabashin Saudiyya da wasu sassan Indiya an tarar da masu SS masu F mai yawa da ciwo mai sauƙi a yarinta, kuma a shekarun 1980 aka rarraba ƙwayar S zuwa zuriyoyi biyar bisa alamomin DNA da ke kewaye da ita, aka ba su sunayen Senigal da Binin da Bantu da Kamaru da Larabawa-Indiya, inda zuriyar Binin ce ta mamaye Nijeriya, kuma F ɗinta matsakaici ne. An daɗe ana ɗauka cewa sauyin ya faru sau da yawa a wurare dabam-dabam, har Daniel Shriner da Charles Rotimi suka kawo hujja a 2018 cewa sau ɗaya ya faru, kimanin shekara 7,300 da suka wuce, lokacin da Sahara ke da tafkuna da ciyayi, ko da yake wasu masanan suna mayar da shi baya sosai fiye da haka. A 2007 da 2008 kuma aka gano cewa babban makunnin da ke kashe F, wato ƙwayar BCL11A, yana kan kuromosom na 2 ne, wani mataimakinsa na kan na 6, alhali ƙwayar S tana kan na 11, saboda haka ana gadonsu daban, kuma 'yan uwa biyu na iya samun S iri ɗaya da makunni dabam.

Sai alfa talasemiya, wadda labarinta ya fi kowanne sarƙaƙiya. Mutum yana da kwafi huɗu na ƙwayar alfa, wadda ke ƙera ɗaya sarƙar ta himogulobin, a kan kuromosom na 16, kuma jama'a masu yawa a Afirka ta Yamma sun rasa ɗaya ko biyu ba tare da sun sani ba. Ga mai SS wannan rashi yana rage kaurin himogulobin a cikin ƙwayar jini, kamar yadda bincike a Jamaika da Amurka ya nuna a 1982, sai fashewar jini ta ragu, haɗarin shanyewar jiki da gyambo su ragu, amma ciwon ƙashi bai ragu ba, wani lokaci ma ƙaruwa yake yi saboda jinin ya ƙara kauri. Ita kanta alfa talasemiya tana ba da kariya daga zazzaɓi mai tsanani, don haka hankali zai ɗauka cewa wanda ya haɗa ta da AS ya samu kariya ninki biyu. Thomas Williams da abokan aikinsa sun tarar da akasin haka a Kilifi ta Kenya a 2005: yaron da ke da AS tare da rashin kwafi biyu na alfa kusan duk kariyarsa ta zube, domin ƙarancin alfa yana rage kason S a cikin ƙwayar har ƙasa da abin da ke damun ƙwayar zazzaɓi. Wannan efistasis ne irin wanda Bateson ya bayyana, an same shi a jikin ɗan Adam.

Akwai wasu biyu da suka cancanci ambato a taƙaice. Ƙarancin sinadarin G6PD, wanda ke sa jini ya fashe idan mutum ya sha wasu magunguna ko jariri ya shaƙi kafur ɗin da ake sa wa kaya, yana kan kuromosom X ne, don haka namiji kwafi ɗaya gare shi, mace kuwa mai nau'i biyu jininta gauraye ne na ƙwayoyi masu lafiya da marasa shi, kuma a Ibadan ne Lucio Luzzatto da abokan aikinsa suka nuna a 1969 cewa a jinin irin waɗannan mata ƙwayar zazzaɓi ta fi samuwa a cikin masu lafiyar. Na biyu shi ne Fulani, waɗanda Modiano ya nuna a 1996 cewa sun fi maƙwabtansu Mosawa da Rimaiɓe jure wa zazzaɓi duk da sauro ɗaya ke cizonsu, kuma daga baya aka ga C da talasemiya sun fi ƙaranci a cikinsu, S kuma bai fi na maƙwabtan yawa ba, abin da ke nuna cewa juriyarsu ta biyo wata hanya ce ta garkuwar jiki.

Sanin waɗannan ƙwayoyi masu sassautawa shi ne ya buɗe hanyar magani. Haidiroksiyuriya, wanda gwajin 1995 a Amurka ya nuna yana rage tashin ciwo da kusan rabi, babban aikinsa shi ne ƙara F. A ƙasashe masu arziki ana kare yaran da hoton jijiyoyin kai ya nuna suna cikin haɗarin shanyewar jiki ta hanyar ƙarin jini duk wata, abin da ba ya yiwuwa ga yawancin iyalai a arewa, don haka likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da na Murtala Muhammad da na Barau Dikko a Kaduna, tare da Jami'ar Vanderbilt, suka gwada maganin a kan yara 220, suka buga sakamakon a 2022, inda ƙaramin awo da matsakaici duk suka rage shanyewar jiki ƙasa da abin da aka sani ga yaran da ba a yi wa komai ba. A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka suka amince da Casgevy, maganin da ke gyara ƙwayoyin ɓargon mara lafiya a ɗakin gwaji, kuma abin lura shi ne bai taɓa ƙwayar S ba ko kaɗan, makunnin BCL11A ya lalata domin F ya dawo. Farashin da aka sa masa a Amurka a lokacin dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya.

Hukumomi kuwa sun fi karkata ga rigakafi ta hanyar aure. A watan Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin jinotayif da na ƙanjamau da na ciwon hanta kafin ɗaura aure a Jihar Kano, kuma amfanin irin wannan doka ya rataya ne a kan ingancin gwajin da ake yi, da kuma ko an bayyana wa waliyyai abin da haruffan ke nufi da abin da ba sa nufi, musamman a garuruwan kan iyaka inda ango na iya zuwa da takardar asibitin wata ƙasa da aka yi da wani gwaji dabam. A ɗaya ɓangaren ma'aunin da Garki ta nuna ya fara sauyawa. Bayan shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2012, an fara raba wa yara 'yan ƙasa da shekara biyar maganin rigakafin zazzaɓi wata-wata da damina a Jihar Katsina a 2013, a shekarar kuma aka fara a yankin Madarumfa da ke fuskantar Jibiya ta ɓangaren Nijar. Duk raguwar da zazzaɓi ya yi tana rage fifikon mai AS a kan mai AA, tana kuma barin ƙarin yara masu SS su rayu, amma yawan ƙwayar a cikin jama'a ba ya sauka sai bayan zuriyoyi masu yawa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya tarar da AS a kashi 20 cikin ɗari na ƙananan yaran Nijeriya, AC a kashi 2, kuma ƙiyasin Frédéric Piel da abokan aikinsa na 2013 ya nuna jarirai masu SS da ake haifa a ƙasar duk shekara za su tashi daga kimanin 91,000 a 2010 zuwa kimanin 140,000 a 2050.